Abincin Barka da Arziki

Lahadi, bayan la'asar

Yaya Abdulgafar ya dawo. Tun ana sharar gona 'yan bindiga suka tafi da shi, yau ga masara har ana gasawa a bakin titi. Ni na ɗauko shi a babur daga gefen Kankara, inda aka ce in tsaya. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Na ɗaure shi a jikina da rawanin Baba don kar ya faɗi, kuma duk da haka sai da na riƙa kai hannu baya ina laluba, don ban ji nauyin mutum ba.

A hanya ya ce, "Mas'udu, yunwa." Maganar da ya fara yi mani ke nan. Na tsaya wurin mai shayi na ce a kaɗa mashi mai kauri. Mutumin ya zuba sukari, na ce ƙara, ya ƙara, na ce kai na ubanka ne? Burodi guda, lemon kwalba biyu. Yaya ya shanye, ni ina tsaye ina harar masu kallo.

Inna da ta gan shi ba ta yi kuka ba. Ta kama wuyan hannunshi, ta zagaye shi da yatsu biyu, ta saki, ta wuce madafa ta hura wuta.

Litinin, da hantsi

Gida ya cika da 'yan barka da arziki. Kowace mace da kularta: shinkafa, taliya, dambu, waina, kunun gyaɗa. Goggo Suwaiba, ƙanwar Baba, ta iso daga Damari da fura da nono da kwalbar zuma. Kwanon barka ba a mayar da shi yadda ya zo, kuma wadda ta kawo ba ta tashi sai ta ga ya ci da idonta. "Ko loma ɗaya, don albarka." Shi kuwa ba loma ɗaya yake yi ba. Yana ci yana kallon ƙofa, kamar za a zo a ƙwace.

Duk da haka tuwon Inna ya fi so. Tana zaune gabanshi tana fifita mashi miya.

Yau ban yi faɗa da kowa ba. A rubuta.

Talata, da safe

Ƙafafun Yaya sun kumbura, silifas ba ya shiga. Goggo ta ɗaga mashi ƙafa tana nuna wa mata: "Kun gani ko? Jiki ya hwara dawowa." Aka yi ta hamdala. Na danna babban yatsana a ƙaurinshi, na ɗauke, ramin ya tsaya bai taso ba. Ƙiba ba ta yin haka. Ya ce mani a hankali yatsunshi kamar kiyashi na yawo ciki, kuma ƙirjinshi na bugawa kamar ya yi gudu.

Talata, bayan azahar

Na zo shagon cajina na turo ƙofa. Aji biyar na sakandare na tsaya, amma Turancin da na tsinta a waya ya isa in gane abin da zai kashe mutum. Zan rubuta shi da Hausa yadda na gane, ko zan iya faɗa masu.

Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace a naɗe cikin tantani, irin siririn nan da ke manne a ɓawon ƙwai. Tantanin yana da ƙofofi, kuma ba kowa yake bari ya wuce ba. Ruwa na ratsawa da kanshi, ya bi inda gishiri ya fi yawa. Sukari kuwa sai an buɗe mashi. Akwai wasu gishirin da ba na miya ba, fotasiyam da fosfet. Mazauninsu cikin ƙwaya ne, kaɗan ne ke yawo a jini, kuma da ɗan wannan kaɗan ɗin zuciya ke bugawa daidai. In mutum ya daɗe cikin yunwa, ƙwayoyin sai su yi ta ba jini nasu har su ƙare. Ranar da aka ɗura mashi tuwo da zaƙi, jiki zai saki wani abu wai insulin, ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, sukari ya shiga, fotasiyam da fosfet ɗin da suka rage a jini su bi shi ciki. Kamar a buɗe rumbunan gari da ba ko zangarniya a ciki, a ce duk su cika daga buhun da ake ci a gida. Zuciya ta nema ta rasa. Ƙoda kuma ta riƙe gishiri da ruwa, shi ne kumburin.

An rubuta a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, likita na duba jini. An rubuta kwanakin farko su ne masu haɗari. An rubuta zaƙi ya fi komai.

Nan na kashe wayar.

Laraba, da hantsi

Na tare Safara'u, matar Yaya, a bakin rijiya. Ta saurara har ƙarshe, ita kaɗai ce a gidan nan ke bari mutum ya kai aya. Ta ce, "Na ji. To ni in ƙwace kwano daga hannun Inna? Ka samu Baba shi kaɗai, ka bi shi a hankali."

Na ce to.

Ban same shi shi kaɗai ba. Zaure cike yake da baƙi, ni kuma abin na cina, ko sallama ban ƙarasa ba na ce a daina ba Yaya abinci. Baba ya ce, "Mi ka ce?" Na fara tantani da ƙofofi. Ya ce, "Wane malami ya faɗa maka abinci na kashe mayunwaci?" Na ce a waya na gani. Zaure ya kwashe da dariya. Malam Barau, maƙwabcinmu, ya ce, "Allah shi taimaki Dakta mai caji. In batir ya mutu ba wuta ake ba shi ba?"

Da na yi shiru a nan. Da na ce ai ko batirin in aka ba shi wutar da ta fi ƙarfinshi kumbura yake, wannan kowa ya sani, su da kansu suke kawo mani su. Yanzu ne amsar ta zo mani. A lokacin abin da na ce shi ne, "Malam Barau, ranar da ake neman mai rakiya Kankara ina kake? Yau da ake rabon shinkafa ga ka a sahun gaba."

Baba ya ce, "Tashi ka ba mu wuri."

Laraba, bayan magariba

Na shiga cikin gida. Inna na kwashe tuwo, mata na zaune. Na faɗi wata magana.

Alhamis, da safe

A shago na kwana, bisa benci.

Gaskiya na faɗa. Ko ma mi aka ce, gaskiya na faɗa. Mutum ya ga wuta a bunu sai ya tsaya gaisuwa? Su da suka san ladabi, ladabin zai riƙe mashi zuciya?

Gaskiya na faɗa.

Alhamis, bayan la'asar

Safara'u ta kira. Ta ɓoye zumar Goggo cikin kayan wanki, iyakar abin da ta iya ke nan. Ta ce Inna tun jiya ba ta ce uffan ba, amma da rana malmala biyu ta kai wa Yaya, ta zauna har ya suɗe kwano. Na ce ba ta ji abin da na ce ba ne? Safara'u ta ce, "Ta ji. Duk unguwa ta ji. Yanzu in ta rage mashi, ta yarda da abin da ka kira ta ke nan a gaban mutane. Ka gane abin da ka yi?"

Na ce ni na yi? Ta kashe wayar.

Juma'a, da hantsi

A bakin masu kawo caji na ji. Yaya ya tashi zai yi alwala ya faɗi bakin randa, yana numfashi sama-sama, bai gane Baba ba. An ɗauki shatar mota an tafi da shi asibiti Funtua. Ba wanda ya kira ni.

Wani ya ce, "Ashe Dakta ya faɗa." Na jefa mashi wayarshi ba ta cika ba.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: kafin tsoro ya kama ni, wani abu ya riga shi, ɗan ƙarami, mai daɗi. Allah ya isa tsakanina da wannan abin.

Asabar, bayan azahar

Funtua. An sa mashi ƙarin ruwa, an ɗibi jini an sake ɗiba. Likitar wata siririya ce mai tabarau. Ta samu Baba a baranda, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi gona, ta yi mashi barka da arziki. Sannan ta ce, "Baba, cikin da ya daɗe ba abinci kamar ƙasar da ta daɗe ba ruwa ne, sai da yayyafi. Gishirin jininshi ya gudu ciki, muna mayar mashi a hankali. Kunu za a riƙa ba shi da cokali, mu za mu faɗi nawa." Baba ya ce, "To, 'yata. Yadda kuka ce."

To. Yadda kuka ce.

Abin da na faɗa ne, har ma na fi ta bayani. Ita dai ta fara da gaisuwa.

Ta ce kuma akwai zazzaɓin cizon sauro da wani ciwo a ƙafa da ya ruɓe, duk sun taru. Ta ce ba laifin kowa ba ne, duk uwar da ta ga ɗanta haka abin da za ta yi ke nan. Na waiwaya ina neman Inna ta ji wannan da kunnenta. Tana can waje gindin dalbejiya. Tunda aka zo ba ta shiga ɗakin ba.

Lahadi, da asuba

Yana nan.

Litinin, da asuba

Yana nan. Bugun zuciyar ya ƙi daidaita. Baba ya ba ni butarshi in ɗebo ruwa, bai kalle ni ba, amma ya ba ni.

Talata, bayan la'asar

Goggo Suwaiba ta zo dubiya, hannunta ɗaya cikin hijabi. Ƙamshin dambu ya riga ta shigowa. Magana ta zo bakina. Na haɗiye. Na tare ta a baranda na durƙusa.

"Goggo, sannu da hanya. Ya mutanen Damari?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yau kuma wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ya ƙafar taki?"

"Tana nan. Kai ne ka tsaya bisa kan uwarka gaban mata ka ce, waɗanda suka riƙe shi a daji sun bar shi da ranshi, ke ce za ki kashe shi da tukunyarki. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Goggo, ai..."

"Ai mi?"

Ban da ai ɗin. Can na ce mata likita ta ce cikinshi kamar na jariri ya koma, ko dambun ya jira har Yaya ya ƙara ƙarfi, in ya so ita za ta fara dafa mashi. Ta ɗan yi tsaki, ta zaro kular daga hijabi ta dangwara mani a hannu. "To ci kai. Bakin ya samu aikin yi."

Shi ke nan. Ba faɗa, ba komai. Goggo, wadda ko Baba ba ya iya tanƙwara ta.

Na zauna bayan ɗakin gwajin jini na ci dambun.

Alhamis, da hantsi

Ya gane kowa. Kumburin ya fara saɓewa, fatar ƙafar ta yi yaushi kamar ta tsoho. Ni ke ba shi kunun, don Safara'u in ya ce ƙara ba ta iya cewa a'a. Ni kuwa a'a ba ta taɓa yi mani wuya ba.

Ya ce, "Kai ne sabon mai gadin?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka fi na can rowa." Ya yi dariya, ni ban iya ba.

Can ya ce, "Ka san abin da nake tunani a can kullum? Tuwon Inna da miyar kuka. Ba Safara'u ba, kar ka faɗa mata. In na rufe ido sai in ga Inna na malmala shi da mara, tururi na tashi. Da shi na yi ta jan rai." Ya juyo. "Mi ya sa ba ta shigowa?"

Na ce warin asibiti ne ba ta so.

"Mi ka ce mata?"

"Ba komai."

"Mas'udu, bakinka bai san ba komai ba."

Na ce buɗe baki, kunu na hucewa.

Juma'a, bayan masallaci

Na same ta gindin dalbejiyar, carbi a hannu amma ba ta ja. Na tsuguna. Na ce Inna ki yafe mani. Ta ce, "Na yafe." Da sauri, kamar mai korar ƙuda.

Na faɗa mata abin da likita ta ce, cewa ba laifin kowa ba ne, duk uwa haka za ta yi. Ta saurara. Ta ce, "Ita ma ta ce abincin ne ke nan."

Na ce ba haka ba ne, akwai sauro, akwai ciwon ƙafa, kuma ni ma a hanya, tun kafin ya iso gida... Ta ɗaga hannu. "Bari, ɗan nan. Ai gaskiya ka faɗa."

Na shekara nawa ina son a ce mani haka a gidan nan.

Lahadi, da yamma

Na dawo Yankara in buɗe shago. Malam Barau ya kawo wayarshi da kanshi, ya ajiye, ya tambayi mai jiki. Na gaishe shi har ƙasa. Ya ce, "Dakta, ranar Kankara matata ce ke naƙuda. Ba ka tambaya ba." Na ce ban tambaya ba.

Talata, da rana

Ba ciniki. Na sake buɗe abin da na karanta, ban san don mi ba, na riga na haddace. Yau wani wuri ya tsaya mani da na tsallake a da. Wai abu ba ya shiga ƙwaya don yana da amfani. Ko ƙwayar na mutuwa don rashinshi, in bai zo ta ƙofar da ta dace da shi ba, a waje zai tsaya.

Na rufe. Ba na son waya ta yi mani wa'azi.

Alhamis, bayan azahar

An sallame shi. Ya shigo gida da ƙafarshi, da sanda. Likita ta ce ya ci abinci kamar kowa, a dai ƙara a hankali, kuma ya dawo a duba jini. Baba ya tsaya a zaure da kanshi yana karɓar kuloli yana cewa an gode, yara za su ci. Ba wadda ta yi fushi.

Baba ya ce in dawo ɗakina.

Asabar, da safe

Safara'u ce ke girki tun da muka dawo. Inna ta ce hayaƙi na damun idonta. Matar da ta aurar da 'ya'ya huɗu daga bakin murhun nan, ko mura ba ta taɓa hana ta tuƙi ba.

In an kai wa Yaya abinci sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ita kanta loma biyu take yi ta ture.

Litinin, bayan magariba

Yau ya ƙi cin na Safara'u. Ya zauna bisa tabarma a tsakar gida ya ce shi tuwon Inna yake jira, in ba shi ba a bar shi da yunwa, ai ya saba. Baba ya leƙa ɗaki ya ce, "Kin ji ɗanki." Sai da aka jima ta fito.

Ta hura wuta. Ta yi talge, ta tuƙa, ta kaɗa kuka da daddawa. Hannun bai manta komai ba. Ƙamshi ya cika gidan, Yaya ya lumshe ido yana murmushi.

Ta buɗe tukunya, ta tsoma mara a ruwa, ta ɗauki kwanonshi. Sai ta tsaya. Tururi na dukan fuskarta tana tsaye. Na ɗauka addu'a take. Ashe ni take nema da ido.

"Mas'udu, zo ka gani. Nawa zan sa?"

Na duba fuskarta ko gatse ne. Da gatse ne da na ji daɗi.

Na ce, "Inna, sa mashi yadda kika saba. Likita ta ce ba komai yanzu."

"A'a. Kai ka sani. Nuna mani."

"Inna, ke ce fa kika..."

"Nuna mani, ɗan nan."

Ban nuna ba. Ta jira. Da ta ga ba zan motsa ba ta yanko ɗan kaɗan a bakin mara, kamar na yaron da ake yaye, ta sa a kwano, ta ɗiga miya. Ba ta kai mashi ba, ni ta miƙa wa.

Loma uku ya yi ya ƙare. Ya suɗe yatsa, ya miƙa kwanon ta bayana, ya ce, "Inna, ƙara."

Ta dube ni.

Na ce ki ƙara mashi. Na ce don Allah. Na faɗa a hankali, da duk ladabin da na sani, har sau uku.

Ta mayar da murfin tukunyar.